Likita Bronnum na Numan: Mutumin da Ya Koyi Jira

Karatu: Markus 4:26-29, Markus 6:30-32, Zabura 127, Ishaya 30:15-18.
Ayar haddacewa: Matta 11:28.

A Mbamba, kusa da Yola, akwai makarantar da a ke horar da fastocin ekklesiyar Lutheran, ana kiranta da sunan Bronnum. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san labarin mai sunan. A cikin darasin nan muna so mu ba da labarinsa, gama muna gani akwai magani a cikinsa domin wata cuta da ta kama mutanen zamaninmu, watau gaggawa da rashin hutawa. Wanda ya tsaya bakin kasuwar Jimeta da hantsi ya ga cutar nan da idonsa. Kowa yana sauri, kowa da waya a kunne, mai keke yana neman ya riga ɗan'uwansa, ma'aikaci yana lissafin kuɗin haya da na makaranta tun wata bai kai rabi ba. Cutar ba ta tsaya a ƙofar ɗakin sujada ba. Ta shiga har ciki, ta sami fastoci da dattawa da matan zumunta, ta mai da ranar Lahadi ranar da ta fi kowace rana gajiya.

Asalinsa da kiransa

An haifi Niels Bronnum a ƙasar Denmak cikin shekara ta 1882. Denmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Jamus, mai sanyi ƙwarai, yawancin mutanenta kuwa 'yan ekklesiyar Lutheran ne. Bronnum ya koyi aikin likita, ya kuma auri wata mace daga Sikotilan, sunanta Margaret Young.

A kwanakin nan akwai wani Bajamushe, Karl Kumm, wanda ya yi ta zagaya ƙasashen Turai da Amurka yana ba da labarin babbar ƙasar nan da a ke kira Sudan a lokacin, watau dukan ƙasar baƙar fata da ta miƙe kudu da hamada. Cikin 1904 aka kafa mishan da a ke kira S.U.M. domin aikin bishara a wannan ƙasa. Cikin 1910 aka yi babban taron masu aikin bishara na duniya a birnin Edinbara. Wani fasto daga garin Aalborg, Anton Pedersen, ya koma gida da nauyin ƙasar Sudan a zuciyarsa, cikin 1911 kuwa shi da abokansa suka kafa reshen S.U.M. na Denmak. Mutum uku ne suka fara aikowa: Likita Bronnum, da matarsa Margaret, da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Suka taso a farkon shekara ta 1913.

Rumasha

Ba su zarce Adamawa kai tsaye ba. Suka sauka a Rumasha, a bakin Binuwai, ba nisa ƙwarai da Lakwaja, inda S.U.M. ta ke da gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta. A nan suka zauna suna koyon Hausa, suna sabawa da ƙasa. Mu da mu ke aikin juya Littafi mun san irin wannan zama. Babban mutum mai ilimi ya kan koma kamar yaro, yana tambayar sunan tukunya da na tsintsiya, yara suna yi masa dariya saboda ya kasa rarrabe gashin kai da gashin nama. Ba hanyar ratse a wannan karatu. Sai an zauna, sai an kasa kunne.

Cikin watan Yuni na shekaran nan Margaret ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Holger. Ba a daɗe ba bayan haihuwar ta rasu, aka binne ta a Rumasha. Ba ta taɓa ganin Numan ba. Jariri kuwa ba shi da uwa, ba kuma yadda za a yi renonsa a wurin, saboda haka Dagmar Rose ta ɗauke shi ta koma da shi Turai. Ga shi, mutum uku suka fito, kafin damina ta ƙare saura ɗaya. Likita ne shi, amma iliminsa bai iya tsare masa matarsa ba. Uba ne shi, amma ɗansa yana bayan teku.

Ku lura, 'yan'uwa, hanya biyu ce a buɗe ga mutum a irin wannan hali, dukansu kuwa hanyoyin gudu ne. Ta fari ita ce ya tattara kayansa ya koma gida, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Ta biyu ita ce ya faɗa cikin aiki ido rufe domin kada ya sami zarafin tunani, yadda mutane da yawa su kan yi bayan rasuwa, har jikinsu ya karye. Bronnum bai koma ba, bai kuma ruga ba. Ya zauna har lokacin tafiya ya yi.

Tafiya bisa ga ƙa'idar kogi

A zamanin nan kogi shi ne babbar hanya, kogi kuwa ba ya jin umarnin kowa. Jiragen ruwa masu hayaƙi ba su kan iya kaiwa Yola ba sai cikin 'yan watannin da Binuwai ya cika, daga tsakiyar damina zuwa wajen Oktoba. Da ruwa ya janye sai yashi ya fito, sai kwalekwale kaɗai. Tsofaffin mutanen Jimeta sun san wannan, gama garinsu tashar jiragen nan ne, gyaɗa da auduga da fatu su kan taru a bakin ruwa suna jiran cikowa. Attajiri da talaka, Bature da baƙin mutum, dukansu jira ɗaya su ke yi.

A ƙarshen Satumba 1913, sa'ad da ruwa ya cika, Bronnum ya iso Numan, inda Gongola ya ke haɗuwa da Binuwai, a ƙasar Bachama. Amma ko a nan ma bai sami zama nan da nan ba. Tun 1901 Yola ta ke hannun Ingilishi, gwamnati kuwa ba ta yarda mai aikin bishara ya zauna ko'ina ba sai da izni, a cikin garuruwan sarakunan Musulunci kuma ba ta bayarwa. Saboda haka ya wuce zuwa Yola, tafiyar da mota ta ke yi yau cikin sa'a guda ko fiye kaɗan, ya nemi izni wurin Razdan. Da ya samu ya juyo, ya sauka Numan ran 5 ga Oktoba 1913. Ranan nan ce ekklesiyar ta ke lissafawa ranar haihuwarta har wa yau.

Ku ƙidaya. Wajen wata tara ke nan tun tasowarsa daga gida, bai gina kome ba tukuna, bai yi wa kowa baftisma ba, abin da ya bari a baya kabari ne guda. Da a ce ofishin zamaninmu ne ya aike shi, da an riga an rubuta masa takarda ana tambayar abin da ya yi da kuɗin tafiya.

Zama a Numan

Aikinsa a Numan iri biyu ne, dukansu kuwa ayyukan haƙuri ne. Yana duba marasa lafiya, yana kuma koyon harshen Bachama. Miki ba ya warkewa don likita yana sauri. Sai a wanke yau, a ɗaure, gobe a kwance a sāke wankewa. Haka kuma amincewar mutane. Baƙo da ya zo da fata dabam da magana dabam, sai an ga zamansa rani da damina kafin a buɗe masa zuciya.

Harshen ma haka. Hausar da ya koya a Rumasha ta isa ciniki da gaisuwa, amma ba ita ce harshen da uwa ta ke yi wa ɗanta magana da shi a Numan ba. A lokacin ko da Hausa ma ba a gama juya Littafi Mai Tsarki duka ba, sai cikin 1932. Da harshen Bachama kuwa babu ko sura ɗaya. Tilas ya ji kalma a bakin mutane, ya rubuta, ya sāke tambaya, ya gyara. Harshe ne wanda hawa da saukar murya su ke sāke ma'ana. Kalmomi kamar su alheri, da gafara, da tuba, ba a kan tsince su a kasuwa ba. Sai mutum ya zauna wurin shari'a da wurin makoki da wurin sulhu ya ji yadda a ke faɗi.

Ana cikin wannan sai duniya ta rikice. Cikin Agusta 1914 babban yaƙi ya tashi a Turai, ya kuwa iso har bakin Binuwai, gama Kamaru tana hannun Jamus. A ƙarshen watan nan sojojin Ingilishi suka tashi daga Yola suka faɗa wa Garwa, aka koro su da hasara. Cikin Afrilu 1915 Jamusawa suka kawo hari Gurin. Sai cikin Yuni 1915 Garwa ta faɗi. A wannan shekara, 1915, sa'ad da manyan ƙasashe su ke ta gaggawar hallaka juna, aka buga Bishara ta hannun Markus da harshen Bachama, aikin Likita Bronnum. Baftisma ta fari kuwa sai cikin 1916, a shekara ta uku ta zamansa.

Abin da ke cikin littafin da ya juya

A nan muna so mu dakata kaɗan, gama littafin nan da ya juya shi ne ya ke bayyana mana zamansa. A cikin Bisharu huɗu, ta Markus ita ce mai sauri. Kalmar Helenanci wadda mu ke juyawa nan da nan ta fito wajen sau 40 cikin surorinta 16. Taro yana matsa Yesu ta kowane gefe, har an faɗi sau biyu cewa shi da almajiransa ba su sami zarafin cin abinci ba. Wanda ya ce Littafi bai san irin wahalar zamaninmu ba, bai karanta Markus ba.

Amma ku duba abin da Ubangiji ya ke yi a tsakiyar wannan hayaniya. A sura 1, bayan yini guda na warkarwa, ya tashi da asuba tun da duhu ya tafi wurin da ba kowa domin addu'a, ko da ya ke dukan gari suna nemansa. A sura 2 ya koyar cewa an yi ranar hutu saboda amfanin mutum. A sura 4 yana barci a ƙarshen jirgi, kansa bisa matashi, hadiri yana tasowa. A sura 5, yana kan hanya zuwa wurin yarinya da ke bakin mutuwa, ya tsaya domin ya ji labarin mace guda mai ciwon shekara 12. A sura 6, sa'ad da manzanni suka komo suna ba da labarin ayyukansu, abin da ya fara yi shi ne ya janye su waje ɗaya domin su huta kaɗan.

Akwai kuma wani misali wanda ba ya cikin sauran Bisharu, sai a Markus kaɗai, shi ne karatunmu na fari. Mutum ya watsa iri a gona, ya tafi ya kwanta, ya tashi, dare da rana suna wucewa. Iri ya tsiro ya yi girma, mai gona bai san yadda aka yi ba. Ƙasa ce ta ke ba da amfani don kanta, da fari tsiro, sa'an nan kai, sa'an nan ƙwaya cikakkiya. Kowane manomi a fadamar Binuwai ya san gaskiyar wannan. Ba wanda ya taɓa sa dawa ta nuna da wuri ta wurin kwana a gona yana jan karanta sama. Aikin manomi shuka ne da noma da girbi. Girma aikin Allah ne. Barcin manomi ba ragwanci ba ne, shaida ce cewa ya san iyakar nasa rabon.

Mutumin da ya binne matarsa a Rumasha ya zauna da ayoyin nan kalma kalma, yana neman yadda za a faɗe su da Bachama. Sauran kwanakinsa kuwa sun nuna misalin gaskiya ne.

Girbi

Waɗansu ma'aikata suka biyo shi daga Denmak, aka buɗe makarantu da wuraren shan magani, bishara ta bazu daga Numan zuwa kabilun da ke kewaye, yawancinta ta bakin 'yan ƙasa, masu bishara da malaman makaranta. Bronnum kansa daga baya ya koma Denmak, ya ci gaba da yi wa mishan hidima daga can, ya kuma rubuta littattafai da harshensu a kan mutanen ƙasan nan. Ya saki aikin a hannun waɗansu, aikin kuwa bai mutu ba.

Sai cikin 1948, shekara 35 bayan saukarsa, aka naɗa fastoci biyar na fari 'yan ƙasa. Cikin 1956 ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta. Cikin 1960 aka zaɓi Akila Todi shugabanta na fari ɗan ƙasa. Likita Bronnum ya rasu cikin 1966, yana da shekara wajen 84. Bai ga ranar da aka naɗa Akila Todi bishop ba, gama wannan sai 1973. Bai ga bikin cika shekara 100 da aka yi cikin 2013 ba, balle shekara ta 2017, sa'ad da Lutheran na duniya duka suka taru a Namibiya suka zaɓi Musa Panti Filibus, babban bishop na wannan ekklesiya, ya zama shugabansu, ya kuwa riƙe har 2023. Ekklesiyar da ta fara da mutum guda a bakin kogi, mutanenta sun wuce miliyan 2. A Yola da Jimeta, inda ya je neman izni, ɗakunan sujadarta su kan cika ran Lahadi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za mu koya

Na ɗaya, hutawar Kirista daga bangaskiya ta ke fitowa. Zabura 127 ta nuna mana mutumin da ya ke tashi da sassafe, ya kwanta da tsakar dare, yana cin abincin wahala, ta ce banza ne in Ubangiji ba shi ne mai ginin ba. Ta kuma ce barci kyauta ce daga wurinsa. Da yawa cikinmu ba yawan aiki ne ya hana mu barci ba. Tsoro ne, cewa in mun saki hannu kome zai rushe. Wanda ya ke tunani haka ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ya zauna a kujerar da ta Allah ce kaɗai. A Matta 11 Yesu bai yi alkawarin zama ba karkiya ba. Ya yi alkawarin karkiya mai sauƙi, wadda ta yi daidai da wuyan mai ɗauka.

Na biyu, jira ma aiki ne a gaban Allah. Watannin Rumasha ba su ɓata ba, shekarun koyon harshe ba su ɓata ba. A Ishaya 30 mutanen Yahuza suna cikin tsoron Assuriya, annabi ya faɗa musu ƙarfinsu yana cikin natsuwa da dogara, amma suka zaɓi dawakai masu gudu, suka kuwa sami masu korarsu da suka fi su gudu. Sauri ya kan haifi nawa. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, matar da ta ke jiran haihuwa, iyalin da tashin hankali ya kora daga Mubi zuwa Yola cikin 2014 suka sāke fara zama daga tushe, mai bishara da ya yi shekaru a ƙauye bai ga tuba ba, kada su ce Allah ya manta da su. Iri yana aiki a ƙarƙashin ƙasa tun ba a ga kome a bisa ba.

Na uku, hutawa umarni ce, ba a kuwa ba mu ita domin kanmu kaɗai ba. A Kubawar Shari'a 5 dokar ranar hutu ta haɗa da ɗa da 'ya, da bawa da baiwa, da baƙo, har da sa da jaki, dalilin kuwa shi ne Isra'ila ta taɓa zama baiwa a Masar, inda ba hutu. Maigida da ya tafi sujada ya bar yarinyar gida tana wanki da girki daga asuba har dare bai kiyaye ranar ba. Ekklesiyar da ta cika ranar Lahadi da taro bisa taro, da kwamiti bisa kwamiti, har iyali ba su ci abinci tare ba, ita ma sai ta binciki kanta. Haka kuma jama'ar da ba ta bar fastonta ya sami yini guda a mako ba. Almajiran da Yesu ya janye domin su huta, daga aikin bishara suka komo.

Na huɗu, sai an keɓe wa natsuwa lokaci, gama ba ta zuwa don kanta. A zamanin Bronnum kogi ya kan tilasta wa mutum jira. Mu kuwa muna da gada da mota da waya, ba abin da zai tsai da mu sai mun tsai da kanmu. Shawararmu ke nan: kafin a taɓa waya da safe a buɗe Littafi. A ajiye waya sa'ad da iyali su ke cin tuwon dare. A keɓe yini guda cikin bakwai, wanda aikinsa kuwa ya hana shi Lahadi, kamar ma'aikacin asibiti ko mai gadi, ya keɓe wani yini. Kafin barci a ambaci damuwar yini ɗaya ɗaya a gaban Allah, a bar su a can.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku lissafta wuraren da Likita Bronnum ya yi jira cikin shekara ta 1913. Wane amfani ya fito daga kowannensu?
2. Cikin misalin Markus 4:26-29, mene ne aikin mai gona, mene ne kuma ba aikinsa ba? Wane abu ne ku ke ƙoƙarin yi wanda na Allah ne?
3. Ina bambanci tsakanin hutawa da ragwanci? Ku gwada Markus 6:31 da Misalai 6:6-11.
4. Wane ne a gidanku ba ya samun hutu domin ku ku samu? Me za ku yi a kan wannan cikin makon nan?
5. Yaya ekklesiyarku za ta shirya ranar Lahadi domin mutane su koma gida da sabon ƙarfi?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai da ba ka gyangyaɗi, ba ka kuwa barci, muna yi maka godiya saboda bayinka da suka shuka da hawaye a ƙasan nan, suka bar girma a hannunka. Ka gafarta mana gaggawarmu da ƙarancin dogararmu. Ka koya mana mu yi aikinmu da aminci, mu ajiye shi da dare da kwanciyar rai, mu kuma ba waɗanda ke ƙarƙashinmu hutawar da ka ba mu. Ka ta'azantar da masu makoki, ka ƙarfafa masu jira, har ranar da za ka shigar da mu cikin hutun da ka tanada wa jama'arka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Karatun mako mai zuwa: 1 Sarakuna 19:1-18.